Tarihin Sarkin Kano Alu Mai Sango, wanda ya hau da bindiga ya kuma sauka da bindiga

A jerin sarakunan Fulani da suka mulki Kano, babu wanda aka haɗa sunansa da makami kamar Aliyu ɗan Abdullahi, wanda Kanawa suka fi sani da Alu Mai Sango. Ya yi sarauta daga shekarar 1894 zuwa 1903, kuma shi ne sarki na ƙarshe da ya riƙe Kano kafin ta faɗa hannun Turawan Ingila.

Waɗannan shekaru sun zo daidai da lokacin da bindiga ta fara ture doki da mashi a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa. Alu na cikin sarakunan da suka gane haka da wuri, ya kuma ci moriyar abin matuƙa. To sai dai bindiga suna ta tara, kuma irin wadda ta kai shi gadon sarauta ta kasa tsayawa a gaban wadda Turawa suka zo da ita.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Alu a tsakiyar ƙarni na 19 a gidan sarautar Kano. Kakansa na wajen uba shi ne Ibrahim Dabo na zuriyar Sulluɓawa, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, wanda kuma daga tsatsonsa ne sarakunan Kano da suka biyo baya suka fito. Mahaifinsa, Sarki Abdullahi, ya hau gadon a shekarar 1855, ya shafe fiye da shekaru 25 yana mulki. Ya rasu ne a garin Karofi a kan hanyar Sakkwato, dalilin da ya sa ake kiransa Maje Karofi.

Ta wajen uwa kuwa, Alu jinin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne, domin mahaifiyarsa Saudatu daga gidan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ta fito. Sunan wannan Sarkin Musulmi aka sa masa, shi ya sa a littattafan tarihi da dama ake rubuta shi da Aliyu Babba. Wannan dangantaka ta yi masa rana daga baya.

Ya tashi kamar sauran 'ya'yan sarki na zamanin, da karatun Alƙur'ani da littattafan addini a gefe guda, da hawan doki da koyon yaƙi a ɗaya gefen. An san shi da ilimi tun kafin a san shi da jarumtaka. Mahaifinsa ya bar 'ya'ya masu yawan gaske, kuma Alu ba shi ne babba a cikinsu ba, saboda haka babu wanda ya sa shi a sahun farko na masu jiran gado.

Rikicin gado da Yaƙin Basasa

Bayan rasuwar Abdullahi, ɗan'uwansa Muhammadu Bello ne ya gaje shi. Sarki Bello ya riƙa sauke 'ya'yan Abdullahi da magoya bayansu daga muƙamai yana naɗa nasa, ya kuma ba ɗansa Muhammadu Tukur sarautar Galadima, wato ya share masa hanyar gado.

Da Bello ya rasu a ƙarshen shekarar 1893, akasarin masu faɗa a ji a Kano sun fi karkata ga Yusufu, ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan Abdullahi, wanda shi ma ya taɓa riƙe sarautar Galadima. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage a kan Tukur, saboda bajintar da ya nuna a yaƙin da Sakkwato ta yi da Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari, wanda yake Kano a lokacin, ya naɗa Tukur bisa umarnin ubangidansa.

Yusufu da 'yan'uwansa, cikinsu har da Alu, suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai da ke kudu maso gabashin Kano. Manyan bayin sarki da dama da hakimai suka bi su, suka kuma nemi taimakon maƙwabta irin su Gumel da Ningi. Haka ƙasar Kano ta rabu gida biyu, Yusufawa da Tukurawa, aka shiga abin da har yau ake kira Yaƙin Basasa.

Harin farko da Yusufawa suka kai wa birni bai yi nasara ba. Daga nan suka koma cin garuruwan gabas da kudu ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka Yusufu ya kamu da rashin lafiya, ya rasu a Garko a shekarar 1894. Kafin ya cika, ya nuna Alu a matsayin wanda zai ja ragamar rundunar. Masana tarihi na ganin cewa an yi la'akari da abubuwa biyu: ƙwarewarsa a fagen daga, da kuma jinin Sakkwato da ke jikinsa, wanda ake fatan zai sauƙaƙa sulhu da Sarkin Musulmi.

A cikin wannan shekara Alu ya kama birnin Kano. Tukur ya fita zuwa Kamri ta wajen iyakar Katsina, Alu ya bi shi, aka gwabza a Tafashiya a watan Maris na 1895, inda aka ci Tukurawa, Tukur kuma ya rasa ransa a sanadin wannan karo. Yaƙin ya ci rayuka masu yawa, an ƙone garuruwa, an kuma mayar da 'ya'yan Musulmi bayi. Baturen nan mai nazarin harshen Hausa, Charles Robinson, wanda ya zauna a Kano daga ƙarshen 1894 zuwa farkon 1895, ya ba da labarin ɗimbin kamammun da ya ga ana shigowa da su birni.

Daga bisani Sarkin Musulmi ya amince da Alu a matsayin Sarkin Kano, amma ba da son ransa ba. Wannan ne karo na farko da wani ya karɓi sarautar Kano da ƙarfin makami bayan Sakkwato ta riga ta naɗa wani.

Mene ne sango?

Sango wani makami ne da mafarautan giwa ke amfani da shi. Gajeren mashi ne mai kauri da kaifin baki, wanda ake shafa wa dafi, a zura shi a bakin bindiga a maimakon harsashi, ƙarfin albarushi ya cilla shi. Amfaninsa shi ne yana huda abin da ƙaramin harsashi ba zai huda ba, dafin kuma ya ƙarasa aikin. Aibinsa kuwa shi ne nauyinsa ba ya barinsa ya yi nisa, sai maharbi ya matso kusa ƙwarai. Laƙabin Mai Sango da aka yi wa Alu yana nuni ne da yadda ya dogara da 'yan bindiga a yaƙe-yaƙensa.

Bindiga dai ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari a ƙarni na 18, kuma Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Duk da haka, har zuwa bayan jihadi, ƙarfin runduna yana wajen barade masu sulke da 'yan lifidi, da dakaru masu kwari da baka.

Dalili kuwa shi ne irin bindigar da ake samu. Akasari masu ɗuri ta baki ne: a zuba albarushi, a tura harsashi da tsumma, a danna da sandar ɗuri, sannan ƙanƙarar da ke jikin kunama ta ba da wuta. Kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya, ɗan baka ya saki kibau da yawa. Ba ta da saiti idan abin harbi ya yi nisa, ba ta tashi idan albarushi ya sha ruwa ko raɓa, kuma idan ɗuri ya yi yawa takan fashe a hannun mai ita. Ga shi kuma ba a iya yi mata ɗuri a kan doki yana gudu. Ba banza ba Hausawa suka yi wa irinta suna harba-ruga.

A ɗaya ɓangaren kuma tana da fa'idodin da baka ba shi da su. Ƙararta da hayaƙinta na firgita dawakin da ba su saba ba, har sahun barade ya watse kafin a haɗu. Harsashinta na ratsa lifidin da ke tare kibiya. Sannan ana iya koya wa mutum harbi da ita cikin 'yan makonni, alhali kuwa gwanin baka ko gwanin doki sai ya yi shekaru yana koyo. Haka nan ta fi amfani a bayan ganuwa, inda maharbi ke da mafaka da sukunin sake ɗuri.

Bindiga a hannun bayin sarki

Wannan fa'ida ta saurin koyo ita ce ta sauya siyasar fada. Doki da sulke kayan hakimai ne da 'ya'yan sarauta, kowanne da mutanensa, kuma sarki sai ya lallashe su kafin su fito yaƙi. Bindiga kuwa sarki na iya sayenta da dukiyarsa, ya ajiye a gidansa, ya damƙa ta ga wanda ya yarda da shi.

Waɗanda sarakunan Kano suka fi yarda da su su ne bayin sarki, domin ba su da ikon neman gadon sarauta. Manyansu, wato Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ne suka riƙa kula da rumbun makamai da rundunar 'yan bindiga. Goyon bayan da da yawa daga cikinsu suka ba Yusufawa na cikin abubuwan da suka karya Tukur.

Da Alu ya zauna daram, sai ya saka musu da muƙamai da gandaye. Ya kuma cike manyan sarautu da 'yan'uwansa, inda ya naɗa Ahmadu Waziri, ya naɗa Muhammadu Abbas Wambai. Ta haka iko ya taru a fada fiye da yadda aka saba. Amma abin ya zo da nasa nauyin, domin sarkin da ƙarfinsa ke hannun masu riƙe masa bindiga, dole ne ya riƙa sauraronsu.

Matsala ta biyu ita ce hanyar samun makaman. Wasu na zuwa ne ta hamada daga Tarabulus, tare da ayarin Larabawa da Buzaye da ke sauka a Fagge, zangon fatake da ke wajen ganuwa ta gabas. A wannan yanki ne Titin Ibrahim Taiwo da kasuwar Kantin Kwari suke a yanzu. Wasu kuma na zuwa ta kudu, daga bakin teku ta ƙasar Nufe. Maƙeran gida na iya gyara bindiga mai ɗuri ta baki, ana kuma haɗa albarushi a gida. Amma sababbin bindigogi masu ɗuri ta baya, waɗanda ke cin harsashi mai kwanso, kaɗan ne ke isowa, kuma idan harsashinsu ya ƙare sun zama sanda.

A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan yankunan Afirka. An ce an yi haka ne domin yaƙi da cinikin bayi, amma sakamakonsa shi ne an bar sarakunan Afirka da tsofaffin makamai, a daidai lokacin da Turawa ke shirin mamaye ƙasashensu.

Karo da Damagaram

Alu bai samu hutu ba bayan Basasa. Ningawa, waɗanda suka taimaki Yusufawa a baya, sun ci gaba da kai hare-hare ta kudu. A gabas kuma Rabe, wanda ya fito daga Sudan da rundunar 'yan bindiga masu horo, ya rushe daular Barno a shekarar 1893, abin da ya dagula hanyoyin fatauci ya kuma jefa tsoro a zukatan sarakunan Hausa.

Amma babbar barazanar daga arewa ta fito. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta tara dubban bindigogi, har ana ƙera igwa ana haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Ɗansa Ahmadu Kuran Daga ya gaji wannan ƙarfi, kuma a shekarar 1898 ya shigo ƙasar Kano da yaƙi. An yi mummunan karo a Gezawa, wadda ba ta da nisa da birni, Kanawa suka yi asarar mayaƙa masu yawa. Damagarawa ba su ci birnin ba, amma sun nuna wa Mai Sango cewa akwai wanda ya fi shi yawan bindiga.

Wannan ya sa Alu ya ƙara himma wajen sayen makamai, da gyaran ganuwar birni, da ƙarfafa garuruwan ribaɗi na kan iyaka.

Abin da ya faru da Damagaram bayan haka ya isa ishara. A shekarar 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder. A watan Yulin 1899 wata rundunar Faransawa da ba ta kai ta Damagaram yawa ba ta fatattaki mayaƙan Kuran Daga a Tirmini ta kama birnin, shi kuma aka kashe shi a wannan shekara. A watan Afrilun 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri. Cikin shekara guda, rundunoni biyu da suka fi kowa bindiga a wannan yanki sun faɗi.

Zuwan Turawan Ingila

Ranar 1 ga watan Janairun 1900, Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya yi shelar kafa mulkin Ingila a kan Arewacin Najeriya a garin Lokoja. A lokacin mafi yawan ƙasar ba ta hannunsa. A 1901 sojojinsa suka ci Kwantagora da Bida da Yola, a 1902 suka shiga Bauci da Barno, suka kuma kafa bariki a Zariya, inda daga baya suka kama Sarkin Zazzau Kwasau.

A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Ingila da ke garin, Kyaftin Moloney, ya tsere zuwa Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa, ya ƙi miƙa shi. Lugard ya riƙe wannan a matsayin hujjar kai wa Kano yaƙi, duk da cewa hukumomi a London ba su so a yi gaggawa ba.

A cikin watan ne kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru. Alu, wanda bai taka Sakkwato ba muddin Abdurrahman na raye, ya ga lokaci ya yi da zai je ya yi mubaya'a ya gyara tsakaninsa da gidan kakanninsa. A farkon Janairun 1903 ya fita da manyan hakimansa da mahaya kimanin 2,000, ya bar birni a hannun manyan bayinsa, cikinsu har da Sarkin Shanu da Sallama.

A ƙarshen watan Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, waɗanda akasarinsu 'yan Afirka ne, da yawansu ma masu jin Hausa, a ƙarƙashin hafsoshi Turawa. Suna ɗauke da igwa 4 da manyan bindigogi 4 samfurin Maxim. Ita Maxim, wadda aka ƙirƙiro a shekarun 1880, tana aman harsashi kimanin 500 zuwa 600 a minti guda, kuma da ruwa ake sanyaya bututunta, shi ya sa Hausawa suka kira ta bindiga mai ruwa. Ko bindigar hannu ta ƙaramin soja tana kai wa inda harba-ruga ba ta isa, ana kuma yi mata ɗuri cikin daƙiƙoƙi, mutum na durƙushe ko yana kwance.

A Bebeji aka fara tarar su, igwa ta fasa ƙofar garin, aka kashe sarkin garin da mutanensa da dama. Ranar 3 ga watan Fabrairu suka iso Kano.

Ganuwar Kano ta ba Turawa mamaki. Kewayenta ya kai kimanin mil 11, ga kauri ga tsawo, ga gwalalo da sarƙaƙiya a gabanta, ga kuma kafofin harbi da aka yi wa 'yan bindiga. An gina wasu ƙofofin a lanƙwashe ta yadda igwa ba za ta same su kai tsaye ba. Yunƙurin farko da suka yi a Ƙofar Dukawuya bai yi nasara ba, sai da suka zagaya ta wajen Ƙofar Kabuga suka samu inda suka fasa.

Masu tsaron birni sun yi ta harbi daga kan badala, amma akasarin harsasansu ba sa isa inda abokan gaba suke, yayin da bindiga mai ruwa ta hana kowa ɗaga kai. Da aka kutsa ciki, sai tsaron ya watse. Sarkin Shanu ya ja daga a gidan sarki tare da wasu 'yan tsiraru har aka kashe shi. Rahotannin Turawa sun ce Kanawa kimanin 300 suka rasu a ranar, alhali a nasu ɓangaren raunuka kawai aka samu. Sun kuma tarar da makamai da albarushi masu yawa a fada.

Daren Birnin Goga da Kwatarkwashi

Alu na kan hanyar dawowa daga Sakkwato labari ya iske shi cewa birni ya faɗi. Rundunar ta yada zango a Birnin Goga da ke ƙasar Zamfara, aka shiga shawara. Wasu na ganin a je a ƙwato Kano, wasu na ganin a koma a haɗu da Sarkin Musulmi, wasu kuma na ganin a nemi sulhu. Cikin dare Alu ya fita da mutane ƙalilan, gari ya waye babu sarki a sansani.

Wannan mataki shi ne abin da aka fi taƙaddama a kansa a tarihin Alu. Marubutan Turawa na lokacin sun ɗauke shi a matsayin gudu. Wasu masana kuma na danganta shi da ra'ayin hijira zuwa gabas, wanda ya yi ƙarfi a tsakanin shugabannin daular a lokacin, wanda kuma shi Sarkin Musulmi Attahiru ya bi bayan 'yan makonni. Akwai kuma masu cewa mutumin da ya shafe shekaru yana auna ƙarfin bindiga ya fi kowa sanin cewa wannan yaƙi ba mai ciwuwa ba ne.

Rundunar ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja wani ɓangare ya nufi Kano domin neman zaman lafiya. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi yaƙi. A ƙarshen watan Fabrairu, kusa da Kwatarkwashi, mayaƙansa suka yi karo da wani ƙaramin rukunin sojan Ingila da bai kai mutum 50 ba, a ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Sojojin suka tsaya a murabba'i, kowane sahu na fuskantar waje. Baraden Kano suka yi ta kai sukuwa, karo bayan karo, har na tsawon sa'o'i biyu, amma ba su iya fasa sahun ba. Waziri Ahmadu da manyan mutane da dama suka kwanta dama a wurin, shi ya sa Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Ingila kuwa ta ba Wright lambar yabo mafi girma ta sojanta.

Ranar 15 ga watan Maris Sakkwato ta faɗi. A watan Afrilu Lugard ya tabbatar da Abbas a matsayin Sarkin Kano. A watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa.

Zaman gudun hijira da rasuwarsa

Alu ya nufi arewa cikin shigar fatake, amma aka gane shi a ƙasar Gobir, aka tsare shi, daga bisani ya faɗa hannun Turawan Ingila. Sun fara kai shi Yola, sannan suka mayar da shi Lokoja, garin da suka mayar matattarar sarakunan da suka tuɓe. A can ne Sarkin Zazzau Kwasau da Etsu Nupe Abubakar suka ƙare rayuwarsu, haka ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi da aka kai daga baya.

Ya shafe fiye da shekaru 20 a tsare, wato fiye da ninki biyu na shekarun da ya yi a kan gado. A wannan tsakani Kano ta sauya kama. Jirgin ƙasa ya iso a shekarar 1911, aka kafa Sabon Gari domin baƙin da suka biyo shi, cinikin gyaɗa ya maye gurbin fataucin hamada, ayarin raƙuman da ke sauka a Fagge ya yi ta raguwa. Hawan barade da harbin 'yan bindiga suka koma kayan ado na bikin Sallah.

Allah ya yi wa Alu rasuwa a Lokoja a shekarar 1926, kuma a can kabarinsa yake. A wannan shekara ce Abdullahi Bayero ɗan Abbas ya hau gadon sarautar Kano, a daidai lokacin da Turawa ke ƙarasa rage ikon manyan bayin sarki, waɗanda Alu ya ɗaukaka ya kuma dogara da bindigoginsu.

Yadda ake tunawa da shi

Har yanzu ra'ayi ya bambanta a kan Alu. Masu yabonsa na kallonsa a matsayin jarumi kuma malami, wanda ya haɗa kan Kano bayan Basasa, ya tare Damagaram, ya kuma ƙi miƙa wanda ya nemi mafaka a wurinsa ko da hakan zai jawo masa yaƙi. Masu sukarsa kuwa na tuna jinin da aka zubar kafin ya hau, da bayin da aka kama, da kuma barin rundunarsa a daren da ta fi bukatarsa.

Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne, a zamaninsa ne aka yi sauyi mafi girma a harkar yaƙi a ƙasar Kano. Ya tarar da bindiga tana taimaka wa doki, ya mayar da ita ginshiƙin mulkinsa, ya sayi iyakar abin da kasuwa ta ba shi dama. Amma masana'antun da ke ƙera sababbin bindigogi da harsasansu suna Turai, kuma masu su sun riga sun yanke shawarar irin wadda za a sayar wa Kano da irin wadda za a zo mata da ita.